Muhawara akan intigral domen: me sharaɗin nan ya bamu, me kuma bai bamu ba?

Ɗan Aji Uku:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya akan intigral domen. Ma'anar kam na haddace ta tsaf, rin ne (tsarin da ake tarawa, debewa da ninkawa a ciki) wanda ab = ba a cikinsa, yana da 1 wanda ba sifili ba, sannan duk sanda ab = 0 to dole a = 0 ko b = 0. Abun da yaƙi zauna min shine me yasa aka ware masa suna da babi guda sukutum, ai wannan sharaɗin kowa ya sanshi tun yana yaro, waye zai ninka abu biyu da ba sifili ba ya samu sifili? Ni gani nake kamar ana ta bayanin abun da ba sai an faɗa ba

Injiniya:
Wa alaikumussalam. Ni ma ra'ayina kenan gaskiya. Fil na gane amfaninsa tunda a nan ne zaka iya rabawa da komai in banda sifili. Domen kuwa yana tsakiya ne kawai, shi bai kai fil ba kuma an hana shi zama rin na gama-gari.

Mai Alli:
Wa alaikumussalam. Ɗan Aji Uku, ka kalli agogo. A lissafin agogo 12 ita ce sifili, in ka kai 12 ka dawo farko. To 3 sau 4 nawa kenan? 12, wato sifili. Kuma 3 ba sifili bace, 4 ma haka. A Z/6 ma, wato agogo mai lamba 6, 2 × 3 = 0. Irin waɗannan su ake kira masu raba sifili, kuma suna da yawa fiye da yadda kake zato, domen shine rin ɗin da babu su.

Abun da ka sani tun kana yaro gaskiya ne, amma gaskiya ne akan Z, cikakkun lambobi. Ba ƙa'idojin tarawa da ninkawa ne suka haifar da shi ba, shi yasa dole a faɗe shi daban. Gwada wannan a Z/6: 2 × 1 = 2, sannan 2 × 4 = 8 = 2. Kenan 2 × 1 = 2 × 4. Soke 2 ɗin daga kowane gefe mu ga me zaka samu.

Ɗan Aji Uku:
1 = 4 kenan Malam, wanda ba haka bane a Z/6

Mai Alli:
Yawwa. Sokewa bata halatta ba a can. A domen kuwa in ab = ac kuma a ba sifili bane, sai ka maido komai gefe ɗaya, a(b − c) = 0, tunda a ba sifili bane dole b − c = 0. Ka lura bamu raba da a ba, ƙila ma babu 1/a a cikin rin ɗin gaba ɗaya, kamar yadda babu 1/2 a Z. Kuma abun yana komawa baya, duk rin ɗin da sokewa ke aiki a cikinsa babu mai raba sifili. Magana ɗaya ce.

'Yar Aljebra:
Bari in ƙara akan na Malam da misalin da ni yafi kama min hankali. Ƙanena ka tuna x² − 5x + 6 = 0 na sakandare? Kana fasa shi (x − 2)(x − 3) = 0 sai kace x = 2 ko x = 3 ka tashi. Wannan "ko" ɗin da kake faɗa ba tare da tunani ba, sharaɗin domen ne kake amfani da shi. Kai lissafin Z/6 ka gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, 2 tayi, 3 tayi, 0 ta bada 6 wato sifili itama tayi, 5 ta bada 25 − 25 + 6 itama tayi. Saiwa huɗu ga polinomiyal mai digiri 2. A Z/8 kuma x² = 1 yana da 1, 3, 5, 7, duk wata lamba mara da ke ciki.

A domen hakan baya taɓa faruwa, digiri n saiwa bata wuce n. Ko digirin kansa ma baya zama lafiya in babu sharaɗin, a Z/4 in ka ninka (2x + 1) da kansa 4x² + 4x + 1 ne wanda duk ya narke ya koma 1. Biyu masu digiri 1 sun haifi mai digiri 0.

Injiniya:
To Yaya na ji, amma duk misalan nan ƙirƙirarsu akayi dan a nuna matsala. Wa yake aiki da Z/6 ko Z/4 a zahiri?

'Yar Aljebra:
Kai mana Injiniya, kullum ma. Lamba mai bit 32 mara alama a kwamfuta a Z/2³² take zaune. Ninka 65536 da 65536 a irin wannan ma'ajin, 2¹⁶ sau 2¹⁶ = 2³², sifili zata baka kuma injin bai lalace ba, rin ɗin ne ba domen ba.

Sannan akwai inda masu raba sifili ke da amfani ma. Ɗauki 15, x² = 1 yana da saiwa 1, 14, 4, 11. Wannan 4 ɗin baƙuwa ce, (4 − 1)(4 + 1) = 15 = 0, kenan 3 da 5 sun fito fili. Duk sanda ka kama wata saiwar 1 da ba 1 ko −1 ba a Z/n to ka tabbatar n ba firaim bace kuma ka samu hanyar fasa ta. Gwajin Miller–Rabin akan wannan ya dogara, kuma da irinsa ake tantance manyan firaim na RSA, tsarin ɓoye saƙo.

Injiniya:
Wannan na 65536 ɗin na sanshi sosai wlh, sunan ne kawai ban taɓa haɗawa da shi ba. To amma ga wata, Z/n domen ne in n firaim ce, kuma a daidai lokacin ne yake zama fil. Kenan dai maganata ta dawo, ina bambancin?

Mai Alli:
Ba haɗuwar sa'a bace, tiyorem ne: duk domen ɗin da mambobinsa ke da iyaka fil ne. Hujjar gajeriya ce kuma tana da daɗi. Ɗauki a da ba sifili ba, ka ninka shi da kowane mamba na rin ɗin. Saboda sokewa ba za'a samu biyu daban su bada amsa ɗaya ba. In mambobi n ne, ka samu amsoshi n daban-daban a cikin rin mai mamba n, kenan kowa ya fito, har da 1. Wanda ya bada 1 ɗin shine 1/a. Shikenan.

A Z wannan hujjar bata tafiya, ninkawa da 2 bata haɗa biyu wuri ɗaya amma tana tsallake duk lambobin mara, wuri ne mara iyaka akwai sararin tsallakewa. Dan haka bambancin domen da fil sai a rin mara iyaka yake fitowa, Z, Z[x] da Q[x] (polinomiyal masu lambobin Z ko na Q wato firakshan), Z[i] (a + bi inda a da b cikakku ne) da sauransu, kuma nan ne lissafin lambobi da jiyometiri suke zaune.

Tsohon Ɗalibi:
Salam, yanzu na shigo na karanta daga sama. Allah ya saka Malam. Injiniya akwai ma abun da zai ƙara maka ƙarfi, kowane domen ana iya saka shi cikin fil. Yadda aka gina Q daga Z haka ake gina firakshan a/b daga ko wane domen, ace a/b = c/d in ad = bc. Steinitz ya rubuta ginin nan a aikinsa na 1910 akan fil. Kuma duk rin ɗin da ke cikin fil, mai ɗauke da 1 ɗin fil ɗin, domen ne. Kenan domen daidai yake da "yanki na wani fil".

Inda sharaɗin ke shiga kuwa, gwada a Z/6, 1/2 sau 1/3 zai baka 1/6 wato 1/0, ginin ya rushe tun daga nan. Sannan in kana son nuna cewa a/b = c/d da c/d = e/f sun bada a/b = e/f sai ka soke d a hanya, ba makawa.

Injiniya:
Madalla, to ai an gama kenan. In kowane domen yanki ne na fil mu karanta fil ɗin kawai mu huta.

Mai Alli:
A'a ɗan uwa, nan ne zan tsaya maka. In ka wuce zuwa fil ka kashe tambayar da tafi kowacce muhimmanci, wato wa ke raba wa. A Q, 7 tana raba 3, amsa 3/7. Kowa na raba kowa, babu firaim, babu saura, babu maganar fasa lamba. A Z ne tambayar ke da rai. Domen shine wurin da sokewa ke aiki amma rabawa bata zama kyauta ba, kuma duk ilimin rabuwa a wannan tsakanin yake. Abun da ka kira tsakiya ɗin shine gonar gaba ɗaya.

Kuma ka sani domen daban-daban na iya samun fil ɗaya. Z fil ɗinsa Q ne. Firakshan masu lambar mara a ƙasa suma domen ne, fil ɗinsu Q, amma a cikinsu 3 da 5 da 7 duk sun zama yunit, wato masu 1/a a cikin rin ɗin, firaim ɗaya tal ta rage wato 2. In Q kawai ka kalla bazaka taɓa ganin wannan bambancin ba.

Ɗan Aji Uku:
Na fara ganewa Malam. Kenan in na fahimta domen shine rin ɗin da yake hali irin na Z, ana sokewa, ana gina firakshan, kuma kowane mamba yana fasuwa zuwa firaim ta hanya ɗaya tak kamar 12 = 2 × 2 × 3

'Yar Aljebra:
Biyun farko eh. Na ukun a'a, kuma nan gizo ke saƙar. Ka riƙe wannan da kyau dan shine inda mutane da yawa ke zamewa, har manya.

Ɗauki Z[√−5], lambobi masu siffar a + b√−5 inda a da b cikakku ne. Yana cikin lambobin kompleks dan haka domen ne ba gardama. Yanzu 6 = 2 × 3, sannan 6 = (1 + √−5)(1 − √−5) tunda wannan 1 + 5 ne. Zaka ce ƙila kowanne na ƙara fasuwa su haɗu a ƙasa, kamar 12 = 2 × 6 = 3 × 4. To basa fasuwa. Ana gani da nom, N(a + b√−5) = a² + 5b², kuma nom ɗin ninki shine ninkin nom. Nom na 2 shine 4, na 3 shine 9, na ɗaya biyun 6 da 6. In 2 zata fasu gida biyu ba tare da yunit ba dole kowane gida nom ɗinsa 2, amma a² + 5b² = 2 bashi da amsa, in b ba sifili bace ka riga ka kai 5, in sifili ce 2 ba sikwaya bace. Haka a² + 5b² = 3 babu. To mai nom 9 yana buƙatar 3 da 3, mai nom 6 yana buƙatar 2 da 3, duk babu. Yunit kuma 1 da −1 ne kawai, dan haka ba za'a ce ai 2 ɗin ce ta canja kaya ta zama 1 + √−5 ba, nom ɗinsu ma ba ɗaya ba.

Hanya biyu ta gaske, a cikin domen mai lafiya.

Ɗan Aji Uku:
Ikon Allah. To Yaya 2 firaim ce a can ko ba firaim ba? tunda bata fasuwa

'Yar Aljebra:
Abu biyu ne da Z ta haɗe mana su. Mara fasuwa shine wanda in ka rubuta shi ab to ɗaya daga ciki yunit ne. Firaim kuwa shine p ɗin da in ya raba ab dole ya raba a ko ya raba b. A Z[√−5] 2 mara fasuwa ce amma ba firaim ba, ta raba 6 wato ta raba (1 + √−5)(1 − √−5) amma bata raba ko ɗaya cikinsu ba, rabin 1 + √−5 baya cikin rin ɗin.

Abun da domen ya baka gefe ɗaya ne, kowane firaim mara fasuwa ne. In p = ab to p ya raba ɗaya, ace a = pc, kenan p = pcb, soke p, cb = 1, b yunit ne. Ka ga sokewar ta sake fitowa. A Z/6 ko wannan babu, 2 firaim ce a can amma 2 = 2 × 4 kuma ba yunit a cikinsu.

Tsohon Ɗalibi:
Da tace har manya ba ƙari tayi ba. A 1847 Gabriel Lamé ya tashi a gaban Akadamin Kimiyya ta Faris yace ya warware tiyorem ɗin ƙarshe na Fermat, wanda yace xⁿ + yⁿ = zⁿ bashi da amsa a cikakkun lambobi sama da sifili in n ta wuce 2. Dabararsa ya fasa xⁿ + yⁿ gida-gida ta amfani da saiwoyin 1 na kompleks, sannan yayi lissafi dasu kamar a Z yake. Liouville a zaman nan ya nuna cewa ai sai an tabbatar fasawa ta hanya ɗaya tana aiki a waɗannan rin ɗin tukuna. Ashe Kummer a Jamus tun 1844 ya riga ya nuna bata aiki, tana karyewa a n = 23. Duk rin ɗin nan domen ne fa, kowannensu yana cikin kompleks. Tiyorem ɗin kansa sai da Wiles ya zo, aka buga hujjar a 1995.

Ni abun da ke burge ni Kummer bai tsaya a "ta karye" ba, ya kawo wasu lambobi na zato da zasu cike gurbin firaim ɗin da suka ɓata, Dedekind kuma a 1871 ya mayar dasu abu na zahiri, aidiyal.

Injiniya:
Lambobin zato kuma? To wannan ba kaucewa bace? an kasa fasa 6 sai aka ƙirƙiro abun da babu aka ce an fasa

Mai Alli:
Tambaya ce mai kyau amma bari ka ga lissafin da idonka kafin ka yanke. Aidiyal tarin mambobi ne na rin ɗin, kowanne ana iya rubuta shi a takarda, ba abun da babu. Ɗauki P = (2, 1 + √−5), wato duk abun da zaka haɗa da 2 sau wani abu da 1 + √−5 sau wani abu. Ninka P da kansa, masu haifar da shi sune 4, da 2 + 2√−5, da (1 + √−5)² = −4 + 2√−5. Duk ukun 2 na raba su. Debe na uku daga na biyu ka samu 6, debe 4 ka samu 2. Kenan P² = (2) daidai. Haka in Q = (3, 1 + √−5) da Q' = (3, 1 − √−5), QQ' = (3), PQ = (1 + √−5), PQ' = (1 − √−5).

To duba, (6) = P·P·Q·Q'. In ka haɗa su (PP)(QQ') ka samu 2 × 3. In ka haɗa (PQ)(PQ') ka samu ɗaya hanyar. Fasawa ɗaya ce a ƙasa, haɗin ne ya bambanta, daidai da 12 = 2 × 6 = 3 × 4 da aka ambata. Matsalar kawai P ba mamba ɗaya ne ya haife shi ba, da akwai mamban da nom ɗinsa 2 ne da shine, kuma mun ga babu.

Injiniya:
Lissafin na bi shi kuma ya fita. Amma har yanzu ina nan akan cewa tambayar aka canja, 6 a matsayinta na lamba hanya biyu take fasuwa kuma aidiyal bai hana ba.

Mai Alli:
Bai hana ba, kuma ba wanda yace ya hana. Abun da yayi ya nuna dalilin, har ya bada ma'auni. Ana tara aidiyal aji-aji gwargwadon nisansu daga masu uba ɗaya, a Z[√−5] aji biyu ne, in aji ɗaya ne to fasawa ta hanya ɗaya ta tabbata. A fil ɗin Q(√−d) guda tara ne kacal ke da aji ɗaya, d = 1, 2, 3, 7, 11, 19, 43, 67, 163. Gauss ne ya hango jerin, Heegner ya kawo hujja a 1952 ba'a karɓa ba a lokacin, sai Baker da Stark suka tabbatar a 1966 da 1967. Tambayar da ta ɗau sama da shekara 150 kenan. Ni a wurina wanda ya gano dalilin ciwo bai kauce wa ciwon ba.

Tsohon Ɗalibi:
Malam Allah ya gafarta, a ƙara da cewa maganin Dedekind ma ba kowane domen yake wa aiki ba, kar ƙaninmu ya ɗauka an samu na kowa da kowa. Z[√−3] misali, 4 = 2 × 2 = (1 + √−3)(1 − √−3), kamar irin matsalar ɗazu amma ciwon daban ne. Anan rin ɗin ne bai cika ba, (1 + √−3)/2 saiwar x² − x + 1 ce, polinomiyal mai 1 a gaba da cikakkun lambobi, tana cikin fil ɗin firakshan amma an barta a waje. In ka shigo da ita ka samu rin ɗin Eisenstein inda komai ke fasuwa hanya ɗaya. In baka shigo da ita ba ko aidiyal basa fasuwa yadda ake so. Shi kuwa Z[√−5] a cike yake, ba abun da zaka shigo da shi.

Ɗan Aji Uku:
To yanzu matakan nawa ne? ina ganin PID da UFD a littafi na ɗauka duk sunayen abu ɗaya ne

'Yar Aljebra:
Ba ɗaya bane. Daga ciki zuwa waje, fil, sai domen na Euclid inda ake rabawa da saura ƙarami kamar Z da Q[x] da Z[i], sai PID inda kowane aidiyal mamba ɗaya ne ya haife shi, sai UFD inda fasawa hanya ɗaya ce, sai cikakku irin wanda Yaya Tsohon Ɗalibi ya faɗa, sannan domen gaba ɗaya. Kowane mataki akwai wanda ya tsaya a kansa bai shiga na ciki ba.

Wanda ya kamata ka riƙe a ka shine Z[x]. UFD ne, wannan daga lemar Gauss yake fitowa, amma aidiyal (2, x) wato polinomiyal ɗin da lambarsu ta ƙarshe cika ce, ba mamba ɗaya da ya haife shi. Wanda zai haife shi dole ya raba 2 ya raba x, 1 ko −1 kenan, su kuma basa ciki. Na PID da ba Euclid ba shine Z[(1 + √−19)/2], Motzkin ya nuna a 1949, hujjarsa tafi wahala ka barta sai gaba.

Kuma Z[x] ɗin zai nuna maka wani abu, R/P, wato rin R in ka ɗauki duk mambobin aidiyal P a matsayin sifili, domen ne daidai lokacin da P firaim aidiyal ne (in ab na cikinsa dole a ko b na ciki), fil ne daidai lokacin da P ya kai maƙura. Z[x]/(x) shine Z, domen ba fil ba, kenan (x) firaim ne amma akwai na sama da shi, (2, x) ɗin nan, wanda ke bada Z/2.

Mai Zane:
Ku yi haƙuri in shigo da ɓangaren hoto dan ni ta nan na gane abun. Ɗauki polinomiyal a x da y amma ka kalle su akan siffar xy = 0 kawai, layin kwance da layin tsaye da suka gicciye. x ba sifili bane a siffar dan yana da rai akan layin kwance, y ma yana da rai akan na tsaye, amma xy sifili ne ko'ina. Masu raba sifili kenan, kuma dalilinsu a bayyane, siffar gida biyu ce kowa ya mutu a gidan ɗan uwansa. Akan siffar da bata rabuwa kamar y = x² rin ɗin domen ne.

Haka fankshan marasa yankewa akan layin lambobi ba domen bane, ɗauki f da yake x a dama sifili a hagu, g kuma −x a hagu sifili a dama, fg = 0. Amma fankshan holomofik, wato na kompleks da ake iya ɗaukar dirivatif ɗinsu, akan yanki ɗaya haɗaɗɗe domen ne, saboda wanda ba sifili ba bazai iya mutuwa akan fili guda ba, sai a ɗigo-ɗigo warwatse.

Injiniya:
Wannan ya shige ni fiye da duk na baya gaskiya. Kenan R × S bazai taɓa zama domen ba tunda (1,0)(0,1) = (0,0), kuma Z/6 ai Z/2 × Z/3 ne, shi yasa kwadiratik ɗin Yaya ya bada huɗu, biyu nan biyu can

'Yar Aljebra:
Daidai, in dai R da S ba sifili bane. Amma Z/4 ba haka yake ba fa, shi baya rabuwa gida biyu, matsalarsa 2 × 2 = 0, abu ya ninka kansa ya mutu. A hoton Mai Zane wannan kamar x² = 0 ne, layi ɗaya amma an ninka shi. Domen ya hana duka biyun.

Ɗan Aji Uku:
Saura ɗaya Malam, me yasa aka dage 1 ≠ 0? wani littafin ma naga bai sa 1 ɗin a sharaɗi ba

Mai Alli:
In 1 = 0 kowane a = a × 1 = 0, rin mai mamba ɗaya kenan. In ka karɓe shi a domen to R/R ya zama domen, R kansa ya zama firaim aidiyal, daidai da kace 1 firaim ce, sai ka dinga togewa a kowane tiyorem. Kuma bashi da fil ɗin firakshan tunda ba abun sawa a ƙasa. Batun rashin 1 gaba ɗaya kuwa marubuta sun saɓa, ka bi na littafin da ake koya muku amma ka duba shafin ma'ana kafin ka ɗauki tiyorem daga wani littafin. Lambobin cika 2Z basu da mai raba sifili kuma basu da 1, a cikinsu 2 ma bata raba kanta, sannan 60 = 2 × 30 = 6 × 10 kuma duk huɗun basa fasuwa tunda sai abun da 4 ke rabawa ne ke fasuwa a can.

Tsohon Ɗalibi:
Ni kuma ab = ba ɗin nake so ya duba dan shi ake mantawa. Kwataniyon na Hamilton, lambobi masu siffar a + bi + cj + dk, basu da mai raba sifili ko ɗaya, kowa ma in banda sifili yana da 1/a, amma x² + 1 = 0 yana da i da j da k da negatif ɗinsu, kai duk bi + cj + dk da b² + c² + d² = 1 saiwa ce, ba iyaka. Ƙanena ka koma hujjar "digiri n saiwa bata wuce n" ka bi ta layi-layi ka nemo inda aka juya ab ya koma ba, yana wajen da ake saka x = c a cikin (x − a)q(x).

Ɗan Aji Uku:
Zan zauna akai yau in sha Allah. Amma Yaya 'Yar Aljebra a Z[√−5] ko ba komai 6 ta fasu, hanyar ce tayi yawa. Akwai domen ɗin da fasawar ma bata ƙarewa?

'Yar Aljebra:
Akwai. Tara duk lambobin kompleks da suke saiwar wani polinomiyal mai 1 a gaba da cikakkun lambobi, domen ne. A ciki 2 = √2 × √2, shi √2 ɗin ma ninkin saiwarsa ne sau biyu, ita ma haka, kuma ba yunit a cikinsu. Duk mamban da ka ɗauka saiwarsa na ciki, kenan babu mara fasuwa ko ɗaya da zaka tsaya a kansa. Sharaɗin da ke hana wannan shine na Emmy Noether a takardarta ta 1921, cewa jerin aidiyal da ke ta ƙara girma dole ya tsaya a wani wuri. Anan (2) na cikin (√2), shi kuma na cikin na saiwarsa, haka har abada. Ka gwada nuna cewa a Z[√−5] irin wannan jerin dole ya tsaya, da nom kawai zaka yi in aidiyal ɗin masu uba ɗaya ne, in ka maƙale ka turo inda ka kai mu duba tare.